Jirgin da Ya Tafi da Kaka

Jiya da hantsi ɗana ya ɗauke ni a mota za mu Khumra, a kudancin Jidda, dubiya, sai cunkoso ya tsare mu a bayan wata babbar mota mai hawa uku, shaƙe da tumaki. Ko ba a faɗa ba, daga mina ta fito, wato tashar jiragen ruwa. Yaron ya yamutsa fuska ya kai hannu zai ɗaga gilashi, na ce masa ya bari. Warin tumakin da suka ƙetaro teku daban yake da na tumakin gida. Akwai gishiri a cikinsa, da danshi, da ɗan ƙaurin man jirgi. Na lumshe ido na shaƙa. Kafin motar gabanmu ta motsa na koma yarinya 'yar shekara tara, a tsakar gidanmu na unguwar Nuzla, ƙafafuna babu takalmi.

Idan ba ka san Nuzla ta wancan zamani ba, ka ƙaddara lunguna ne siriri masu lanƙwasa, waɗanda in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. Gidanmu ɗaki uku ne da ɗan fili, da matakala ta katako mai kai mutum saman soro, inda tankin ruwa yake zaune a kan bulo. Shekara a wurinmu kashi biyu ce: lokacin da iska ke zuwa daga arewa a sarara, da lokacin ruɗuba, danshin nan da teku ke hurowa gari. In ruɗuba ta sauka bango yakan yi gumi kamar mutum, wanki ya yini a igiya bai bushe ba, gishiri ya dunƙule a cikin gwangwani. Da safe gari yakan tashi fari fat, hasumiyar masallaci ta yanke a tsakiya, sai ka ga kanta a sama ba ka ga gindinta ba. Daga cikin farin nan ne ƙahon jirgi yakan fito, mai kauri, a hankali, kamar wani babban sa yana kuka daga nesa.

A ɗakin Kaka na tashi, mahaifiyar Babana. Tun da aka yaye ni aka miƙa mata ni, ban kuma koma ɗakin Umma ba. Ƙawata take kirana. Gajeriya ce, baƙa, mai ƙananan hannuwa da wuta ta gasa har ba ta jin zafin kasko. Sana'arta soya gyaɗa da rairayi, ta ƙulla a takarda, ta ɗora a tire. Ɗakinta ƙamshin gyaɗa yake yi da turaren wuta, kuma a kusurwa akwai akwatin ƙarfe mai zanen furanni wanda ba na taɓawa sai da izini. A ƙasan akwatin akwai farin yadi da ta wanke da ruwan Zamzam ta shanya ta naɗe. Ta taɓa nuna mini shi ba tare da wani tsoro ba, ta ce likkafaninta ne, kuma ta riga ta gaya wa Babana a Makka take so a rufe ta.

Ba a Jidda aka haife ta ba, ba kuma a Sudan ba, ko da yake daga can ta zo. Tana 'yar ƙarama iyayenta suka bar ƙasar Hausa da ƙafa, da niyyar Hajji. Su yi tafiya, su tsaya su yi noma a gonar wani, su sake tashi. Ba ta tuna garinsu sosai, sai wata bishiyar tsamiya da rijiya. Abin da take tunawa shi ne bayan Yayarta, domin ita ce ta goya ta mafi yawan hanyar. Iyayen sun rasu a Sudan ba su ga teku ba. Su biyun suka girma a can, suka yi aure, suka ci gaba da tafiyar tare da mazajensu har Sawakin, garin da ake shiga jirgi. A nan Yaya ta kwanta da tsohon ciki mai wahala, mai jirgin kuwa ya ce iska ba ta jiran kowa. Yaya ta rako ta bakin ruwa tana dafe da ƙugu, ta ce mata, “Je ki, sai baɗi in same ki.”

Baɗin nan ne bai zo ba, shekara kusan arba'in.

Kaka takan ce da ta iso Jidda, gari ne ɗan ƙarami, fari, kamar an ajiye ƙwarya a bakin ruwa. Mutanenmu a bukkoki suke zaune ta kudu, bayan gari. Manyan jirage ba sa iya matsowa saboda duwatsun da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, sai su tsaya can nesa, ƙananan jiragen filafilai da ake kira sambuk su je su kwaso kaya da mutane. Kakana namiji, wanda ban riske shi ba, ɗaya ne daga masu shiga ruwa har ƙugu su saɓo buhunan shinkafa da sukari da akwatunan shayi. In muka shiga Balad, wato tsohon gari, sayen ɗanyar gyaɗa, takan tsaya a tsakiyar titi, motoci na wucewa, ta buga ƙafa a kwalta ta ce nan ruwa ne dā, nan Kakanki yake ajiye buhu ya miƙe baya. Ni kuwa sai in dubi ƙasa ina jiran ruwan ya ɓullo ta tsakanin yatsuna. Ta nuna mini dogayen gidajen nan masu tagogin katako da aka sassaƙa kamar saƙa, ta ce dutsen daga cikin teku aka haƙo shi, katakon kuma jirgi ne ya kawo shi daga ƙasashen gabas. Na taɓa kai harshe na lashi bangon wani gida don in tabbatar. Da gishiri kuwa.

A garin nan, in ji ta, babu abin da ya tsiro. Komai zuwa ya yi, har mutanen.

Lokacin da na fi so shi ne gabanin Hajji, sa'ad da jiragen alhazai ke shigowa. Kaka takan ɗauki tirenta mu tafi kusa da masaukinsu na bakin teku. Jawawa ƙanana, mutanen tsibiran gabas, cikin fararen lulluɓi suna tafiya a jere riƙe da mayafin juna, Indiyawa da tukwanensu, Misirawa masu babbar murya, tsofaffin Turkawa suna shimfiɗa dardumar da suka zo da ita don su sayar. Ƙamshin kanumfari da na busasshen kifi da na hayaƙin girki iri goma duk a wuri guda. Kaka ta iya gaisuwa da harsuna da yawa, kalma bibbiyu. Amma in aka ce jirgin Sudan ya sauka, sai ta bar mini tire ta miƙe ta tsaya a inda za su wuce. Duk tsohuwar da ta gifta sai ta leƙa fuskarta. Wani lokaci ta tare wani ta tambaye shi da Hausa ko ya bi ta Sawakin, ko ya san wata mata mai tsaga kaza. A shekarun farko, in ji Umma, takan samu labari jefi-jefi: tana nan, ta sake haihuwa, mijinta ya rasu. Daga baya labarin ya ɗauke. Alhazan ma suka fara raguwa a teku, domin jirgin sama ya fara kwashe su.

Shi kuwa mina sai girma yake yi. Aka yi ta zuba ƙasa a ruwa ana tura teku baya. Babana ya gaji aikin mahaifinsa, ya fara da dako a kafaɗa. Ina tuna wata shekara, ina ƙarama ƙwarai, ya ɗaga ni a saman benen maƙwabcinmu ya nuna mini jirage jere a kan ruwa suna jiran layin sauke kaya, da yawa har na ɗauka wani gari ne aka gina a can. Siminti, ƙarfe, motoci, injin sanyaya ɗaki, duk abin da garin ke haɗiya yana faɗaɗa. Bayan nan kwantena ta zo, da dogayen ƙarafan ɗaga kaya masu kama da raƙuman dawa. Masu dako da yawa suka rasa abin ɗauka. Babana ya yi sa'a wani kamfani ya koya masa tuƙa motar ɗaga kaya, ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa, ya yi masa iƙama, takardar izinin zama, shi da Umma da mu 'ya'yansa. Sunan Kaka ne bai shiga ko'ina ba. Ta zo tun ba a tambayar takarda a bakin ruwa, ta zauna, kuma ba wanda ya taɓa tsayar da tsohuwa mai tiren gyaɗa.

Akwai wani mutum da muke kira Kawu mai jirgi, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Bahaushen Sudan ne, yana aiki a jirgin da ke kawo tumaki, yana ba su ruwa da ciyawa a hanya. Duk zuwansa sai ya biyo gidanmu ya ci tuwo, kuma tun yana bakin lungu muke sanin ya iso, saboda warin tumakin da ke rigarsa. Kaka ta daɗe da ba shi sallahu ya riƙa tambaya. Ran nan da la'asar, cikin tsakiyar ruɗuba, ya shigo bai zauna ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da kaset naɗe cikin ƙyalle, ya durƙusa ya ajiye a gaban Kaka.

“Inna, na same ta,” ya ce. “Tana nan da rai. Ga muryarta.”

Babana ya ɗauko rediyo ya saka. Aka fara jin iska, da kukan akuya, da muryar Kawu yana cewa yi magana, yana ɗauka. Sai wata murya ta fito, siririya, mai rawa. Ta kira wani suna da ban taɓa ji ba, sau uku. Ashe sunan Kaka ne na yarinta, wanda babu mai saninsa a duk faɗin Jidda. Kaka ta amsa da ƙarfi, “Na'am,” kamar mai kiran tana bayan ƙofa.

Muryar ta ce, “Ni ce. Idanuna sun tafi, sai dai in ji rana a fuskata. 'Ya'yan da Allah Ya ba ni Ya karɓi abinSa, ɗayan da ya rage ya yi kudu, shiru har yau. Ba abinci nake roƙo ba, maƙwabta suna ba ni. Na ce miki sai baɗi, ban zo ba, ki yafe mini. In da hali, ke ki zo. In babu, ki yi magana a cikin abin nan in ji.”

Daga nan sai ƙarar iska, har kaset ɗin ya ƙare ba wanda ya tashi ya kashe. Kaka ba ta yi kuka ba. Ta zauna hannuwanta a kan gwiwa, tafukan suna kallon sama. Gyaɗar da ke kasko ta ƙone, Umma ce ta sauke.

Kwana uku ta ci gaba da suyar gyaɗarta kamar kullum. A na huɗu, bayan Babana ya dawo aiki ya ci abinci, ta ce masa ya nemo mata hanyar tafiya. Ina zaune a kan matakala, sun manta da ni.

“Inna,” ya ce, kansa a ƙasa, “takardar da za a ba ki ta fita ce kawai. In kin fita babu dawowa. Mutane suna tafiyar shekara da shekaru don su zo su mutu a nan. Ke kina bakin ƙofa, ki juya? Mu aika mata da abin da take bukata. Mu yi mata kaset duk wata.”

“Kaset ba ya kama hannun makauniya ya kai ta bayan gida,” in ji Kaka. “Na yi Hajji har na daina lissafi. Wadda ta goyo ni ba ta taɓa ganin Ka'aba ba, yanzu kuma ko an kawo ta ba za ta gani ba. Sai in je in ba ta labari. Halas, magana ta ƙare, ka nemo mini.”

Babana bai sake musu ba. Makonni ya yi yana zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan, yana dawowa da rigarsa manne a baya. Maƙwabta suka yi ta shigowa, wasu na cewa ta yi tunani, wasu na kawo saƙon da za ta kai wa danginsu. Ita kuwa sai shiri. Ta sa aka kawo jarkar Zamzam daga Makka. Ta sayi wani farin yadin a Balad ta wanke ta shanya a saman soro, na tsaya ina kallonsa yana kaɗawa a hankali cikin iska mai nauyi. Ta naɗe shi ta ɗora a kan nata, suka zama biyu. Ranar da takardar ta fito, Babana ya miƙa mata cikin leda ba tare da ya dube ta ba. Ta sa a cikin akwatin, a sama.

Ni ba wanda ya tambaye ni. Ana gobe tafiya, da yamma, ta fita sallama da mutanen lungu. Na shiga ɗaki na buɗe akwatin da ba na taɓawa sai da izini, na zare ledar, na hau soro na cusa ta ƙarƙashin tankin ruwa, tsakanin bulo biyu. Ban ji ina yin laifi ba. Na ji kamar na rufe taga ne don kada ruwa ya shigo.

Jirgin bayan la'asar zai tashi, amma an ce fasinja su hallara tun azahar. Da hantsi Babana ya ce a ba shi takardar ya riƙe. Aka buɗe akwati, babu. Aka zazzage kaya, aka ɗaga katifa, aka kakkaɓe tabarmi. Babana yana ta salati, gumi na zuba daga haɓarsa, yana cewa in jirgin nan ya wuce sai an sake komai daga farko, kuma ba lalle a sake ba shi ba. Umma ta tsaya da tsintsiya a hannu ta zuba mini ido. Na ga ta buɗe baki, sai Kaka ta riga ta.

“Ku bar neman haka nan, ku fita ku sha iska. Ƙawata, zo ki taya ni ɓare gyaɗar guzuri.”

Muka zauna mu biyu a ƙofar ɗakinta, ƙwarya a tsakaninmu. Ba a jin komai sai ƙarar ɓawo.

“In takardar nan ba ta fito ba, zan zauna,” ta ce, idonta a kan gyaɗa. “Ba zan yi fushi da kowa ba. Gobe sai mu ɗauko rediyo mu yi wa Yaya kaset. Sai dai ni bakina ba zai iya gaya mata ba. Ke za ki gaya mata.”

Ban taɓa ganin Yaya ba, amma a lokacin na gan ta sarai. Tana zaune a bakin wata ƙofa, fuskarta a rana, an kara mata rediyo a kunne, tana jin muryar wata yarinya da ba ta sani ba tana cewa ba za a zo ba. Gyaɗar da ke hannuna ta yi nauyi.

“To ni wa zai zauna da ni?” na ce.

“Kina da uwa, kina da uba, ga ƙannenki. Ita ni kaɗai gare ta.”

“Za ki dawo?”

Sai a nan ta ɗago ta dube ni. “Ba zan ce miki sai baɗi ba, ƙawata. An taɓa gaya mini, na san yadda take zama a ciki.”

Na tashi na hau matakala. Ƙarfen tankin ya yi zafi har ya ƙona mini hannu. Danshi ya ɗan shiga ledar ya jiƙa gefen takardar, amma rubutun da hatimin suna nan. Na sauko na ajiye a cinyarta. Ta buɗe tafina ta zuba mini gyaɗa ta rufe da hannunta. Sannan ta ɗaga murya ta ce wa mutanen gida an gani, ashe bayan akwati ta faɗa. Umma ta dube ni, ta dubi surukarta, ta ci gaba da shara.

Ta roƙi mai tasi ya bi da mu ta Balad. Yana ta yalla yalla, a yi sauri, lokaci na tafiya, amma ya bi. Ta manna fuska a gilashi tana kallon tsofaffin gidajen, leɓunanta na motsi. A ƙofar tashar fasinja duniya ce ta taru: masu komawa gida da firij a ɗaure da igiya, fankoki, katifu, keken ɗinki, buhunan da aka rubuta wa suna da baƙin fenti. Kayan da jirgi ya kawo daga wata ƙasa, wani jirgin zai sake kwashe su zuwa wata. A tsakiyar wannan duka ga Kaka da akwati ɗaya da jarka ɗaya. An haɗa ta da wata mata da za ta kula da ita a hanya, Kawu mai jirgi kuma zai tarye ta a tashar Bur Sudan ya kai ta Sawakin. Masu rakiya ba sa wuce shinge. Ta dafa kan Babana kamar yaro, shi da ya fi ta tsawo nesa, sai da ya sunkuya. Ta yi masa addu'a, ta yafe masa, ta nemi ya yafe mata. Ni kuwa ta ja kumatuna kawai. Ta shiga cikin mutane, gajarta ta sa nan da nan suka rufe ta.

Babana ya san mina kamar tafin hannunsa. Ya kama hannuna muka zagaya zuwa wani wuri a gefen shinge inda ake hango mashigar jirage. Muka jira har rana ta karkata. Ruɗuba ta haɗe teku da sama, babu layi a tsakaninsu, duk fari ne mai ɗan ruwan zinariya. Da jirgin ya fito, sai na ga kamar ba a kan ruwa yake ba, a rataye yake cikin iska, yana tafiya ba tare da ya motsa ba. Ya busa ƙaho sau ɗaya. Ya yi ta ƙanƙancewa, ya zama kamar tsuntsu, ya zama ɗigo, sannan na rasa ko shi nake gani ko idona ne. Na waiwaya na ga Babana ya tsuguna kamar mai ɗaure igiyar takalmi. Silifa ce a ƙafarsa.

Bayan wata biyu Kawu ya kawo kaset. Wannan karon muryoyi biyu ne, suna katse juna, suna gardama a kan ko wace ce ta faɗa a kogi suna yara, suna dariya har tari ya sarƙe su. Kaka ta ce ta samu kasko, mutanen can ma suna son gyaɗa. Yaya ta ce kullum bayan sallar asuba sai an zagaya da ita Ka'aba da baki, tun daga ƙofar shiga har Safa da Marwa, ta kusa haddace hanyar. A ƙarshe ta ce a gaishe mata da ƙawar ƙanwarta, ta ji labarina, Allah Ya yi mini albarka. Ban san iya abin da aka gaya mata ba. Na sa an maimaita mini wurin har Babana ya ce zan tsinka zaren.

Shekara uku suka samu tare. Da Yaya ta rasu, Babana ya aika cewa zai nema wa Kaka bizar Umara, ko ta wata ɗaya ce ta zo mu gan ta. Ta amsa cewa a bari zafi ya wuce. Kafin iskar arewa ta fara, Kawu ya shigo gidanmu da rana, ya zauna a bakin ƙofa ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Tun kafin ya buɗe baki muka san Kaka ta bi Yayarta.

Sai da na yi aure na haifi 'ya'yana duka kafin na ƙetara. Na zaɓi jirgin ruwa ko da yake mijina ya so mu bi sama. Muka shiga Sawakin da safe. Gidajen tsohon garin irin dutsen Balad ne sak, irin tagogin, amma duk sun zube, tsibi-tsibi, akuyoyi na hawa a kai. Wani dattijo ya ce mini garin ya taɓa cika da fatake da alhazai, sai manyan jirage suka koma wata tasha, garin ya zauna yana jira har ya durƙushe. Jikar maƙwabciyar su Kaka ce ta kai ni maƙabarta, a wani fili mai tsakuwa bayan gari. Kaburbura biyu dab da juna, babu rubutu, sai duwatsu da aka jera. Na tambaye ta ina gabas don in daidaita tsayuwata. Ta miƙa hannu ta nuna teku. Na bi hannun da kallo. Daga can, alƙibla ta kan ruwa take bi, ta gefen Jidda.

Yau Nuzlar da na sani babu ita. An rushe lungunanmu, na je na kasa gane ko inda gidanmu yake, fili ne shimfiɗe da iska ke yawo a kai. An gyara Balad ta yi kyau, baƙi na ɗaukar hoto a jikin tagogin. Mina ya yi girman da ba a ganin ƙarshensa, jirage na shiga suna fita ba tare da mutumin gari ya san me suka kawo ba, sai dai ya gan shi a kanti. Jikokina in na yi musu Hausa suna ji, su amsa mini da Larabci. Muna zaune a hawa na huɗu na wani bene can cikin gari, tagoginmu a rufe saboda na'urar sanyi, ba a jin ƙahon jirgi.

Amma a Jidda duk mai salla baya yake ba teku. Sau biyar a rana nakan shimfiɗa darduma in fuskanci Makka, ruwan nan mai faɗi yana bayana. A ƙetarensa kuma akwai tsofaffi biyu kwance a gefen damansu, fuskokinsu na duban inda nake duba. Nakan ɗan matsa gaba kaɗan kafin in ta da kabbara, yadda mutum ke yi in ya san akwai sahu a bayansa.